Tofin Inna da Ƙodar Haruna

Da sunan Allah. Sunana Idi, mai injin niƙa a Gwallaga, cikin garin Bauchi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Matata Hajara ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma ce kada ta gyara mini magana. Ba taimako nake nema ba. Wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko ake shirin yi masa, shi nake so ya ji.

Nawa ciwon da kumburin ƙafa ya fara. Na ɗauka tsayuwar bakin inji ce. Sai fuska ta bi, sai amai da safe, sai abinci ya daina shiga. Mai kemis ya ba ni maganin shawara, kawuna ya aiko da jiƙon saiwoyi a jarka, na sha duka. Ranar da na faɗi a shago aka kwashe ni zuwa asibiti. Nan aka ce hawan jini ya daɗe yana cin ƙodojina, duka biyun sun tsaya. Aka sa ni a layin wankin ƙoda.

Ba zan daɗe a kan wankin ba, wanda ya sani ya sani. Ka yi sammako ka tarar da layi. Injinan kaɗan ne, wani ya lalace, wani ana jiran kayansa. In kuɗinka ya kai a wanke ka, in bai kai ba ka koma gida ka kumbura. Waɗanda muka fara zama a benci ɗaya, kafin shekara ta zagayo an kai yawancinsu makwanci. A cikin ma'aikatan akwai masu kirki, akwai wadda in ka yi nishi sai ta ce ba ita ta ɗora maka ba. Allah ya saka wa kowa da abin da ya yi.

Haruna ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi a Zungur. Ya zo duba ni ranar da na dawo daga wanki, ya tarar ina amai a bakin kwata. Ya tsaya har na gama, ya miƙo mini buta.

Ya ce, "Yaya, an ce kowane mutum biyu gare shi."

Na ce, "An ce."

"To ɗaya zaman banza take yi a cikina."

Na ce ya koma gonarsa, yana da 'ya'ya ƙanana. Ya koma, bayan mako ya dawo da jakarsa. Matarsa ta yi kuka, ta yi yaji, ta dawo. Bai fasa ba.

Muka sayar da gonar gado, da filin da na saya a Miri, da ɗaya daga cikin injina biyu. 'Yan unguwa suka yi karo-karo a masallaci. Maƙwabcina Yohanna kafinta, mutumin kudancin jihar nan, ya kawo abin da matan cocinsu suka haɗa, a ƙulle cikin leda. Akwai masu kuɗin da na je ƙofarsu aka ce suna barci. Ba zan faɗi sunansu ba. A wani asibiti a Kano aka yi aikin, aka yanka mu rana ɗaya. Da na farfaɗo na ga leda a gefen gado tana cika da fitsari. Wanda bai taɓa rasa fitsari ba bai san abin da nake nufi ba. Na kalli ledar nan kamar an yi mini haihuwa.

Likitar da ke kula da ni mace ce, gajeriya, ba ta yawan dariya. Ranar sallama ta zaunar da ni da Hajara. Ta san ba na karatu, sai ta yi mini magana yadda zan riƙe.

Ta ce, "Malam Idi, jikinka yana da masu gadi. Su ba su san Haruna ba. In muka ƙyale su, za su far wa ƙodar nan kamar sun kama ɓarawo. Maganin da za ka sha har ƙarshen rayuwarka, aikinsa ya sa su barci. To ka sani, gidan da masu gadi ke barci, kowa shiga yake."

Sai ta lissafa. Ban da ruwan da ba a tafasa ba. Ban da ɗanyen ganye, da naman bakin titi, da nonon da ba a dafa ba. Ban da ƙurar niƙa. Ban da cunkoso a watannin farko. In za ka fita, takunkumi. A yi ta wanke hannu. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Mai tari kada ya zauna kusa da kai, ko waye."

Na ce na ji. Ƙodar Haruna ce, ba ni da ikon wasa da ita, kuma babu wata a bayanta.

Da muka dawo Bauchi Hajara ta wanke ɗakina har bango. Tagar ɗakin tana kallon lungu, akwai kwata a ƙarƙashinta, ga ƙurar babura. Muka samo leda mai kauri, na sa aka buga ta da ƙusa ta rufe tagar ruf. Ƙofa kuma labule mai nauyi. Likita ba ta ce a yi wannan ba, mu muka ƙara da kanmu. A tunaninmu cuta daga waje take zuwa.

Makonnin farko 'yan dubiya suka yi ta zuwa. A zaure ake tsayar da su, in fito nesa in ɗaga hannu. Wasu suka fahimta, wasu suka tafi da fushi. Wani dattijo da ya san ubana ya miƙo hannu, na dafa ƙirji na rusuna. Hannunsa ya daɗe a sama. Ya ce, "Ashe ta Bature aka sa maka." Har yau in na gaishe shi da kai yake amsawa.

A layinmu bayan magariba kowane magidanci yana fito da abincinsa ƙofar gida, a haɗa a ci tare. Tun ina saurayi ban taɓa cin tuwo ni kaɗai ba. Yanzu aka ware mini kwanona da cokali, ina gefe kamar mai kuturta. Bafulatanar da ta yi shekaru tana kawo mini nono ta zo ta sauke ƙwarya, na ce na daina. Ta ce, "Ruwa ka ga na zuba?" Na ce a'a. Ta ɗauki kayanta, ba ta sake bi ta layin ba. Abokina da muka taso tare ya rasu, ban shiga wanka ba, ban ɗauki makara ba, daga nesa na tsaya da takunkumi. Na ji abin da aka ce. Wai tun da aka sa mini sabuwar ƙoda nake jin ba zan mutu ba.

Liman dai ya tsaya mini. Ya ce in yi salla a gida har likita ta yarda, lalura ce. Da na fara zuwa Juma'a ina shimfiɗa dardumata can ƙarshen sahu, a waje. Yohanna ya gan ni daga bakin shagonsa. Da na dawo ya ce, "Sarkin takunkumi, ka ga yanzu ni da kai duk a waje muke tsayawa."

Na ce, "Ni dai ina da alwala."

Ya ce, "Ni kuma ina da ƙoda biyu."

Shi ya ƙera mini kujera mai jingina, ya ajiye ta inda iska ke fitowa, yadda in ana hira numfashin mutane ba zai biyo ta kaina ba. Bai karɓi ko sisi ba.

Masu ba da shawara ba su ƙare ba. Kawu ya ce tunda na warke in bar ƙwayoyin nan, su ke kashe mutum. Wata gwaggo ta aiko da garin magani a kwalba. Na ce an gode, Hajara ta zuba a masai. Magani ɗaya ban taɓa tsallakewa ba, safe da dare, ko da ranar za a ci tuwo ba nama.

Da na koma Kano ganin likita na gaya mata yadda nake zaune. Ta ce, "Ban ce ka zama ɗan fursuna ba. Haruna bai ba ka ƙoda don ka zauna a ɗaki ba. Ka fita, ka yi hulɗa, ka dai san abin da kake gudu." Sai na fara zama a wajen shago, nesa da ƙura, wani yana jan injin ina kallo. Na yi ƙiba. Na fara tafiya kasuwa da ƙafa. Damina ta wuce ban yi ko mura ba. A raina na ce na iya.

Sai bayan kaka Inna ta zo.

Dole in yi bayanin Inna, in ba haka ba za a ce ni wawa ne. Ni ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, haka ta tarar ana yi. Da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Gida ɗaya muke da Inna, amma in za ta aike ni sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wancan ya ɗebo ruwa." Ina yaro na faɗo daga bishiyar mangwaro na karye a hannu. Aka shigo da ni ina ihu, ta ci gaba da dakanta. Daga baya kakata ta ce ranar Inna ba ta ci abinci ba. Ni dai ban gani ba. Haruna kuwa a cinyarta ya girma, sunansa ba ya fita daga bakinta. Da aka yi mana aiki shi ta yi jinya a Zungur, ni kuma ta aiko a ce wa mutanen Gwallaga ana gaishe su. Ban ji haushi ba. Haka abin yake.

Ta sauka daga babur da ƙullin kuka da daddawa, ta ce ta zo ganin jikokinta. Ta rame. Tana tari, busasshe, kaɗan-kaɗan. Hajara ta yi mata sannu, Inna ta ce hayaki ne, wanda ya shekara sittin a bakin murhu dole ya yi tari.

Washegari da safe ta ce wa Hajara, "Ba ni irin ruwan da mai gidan nan yake sha." Hajara ta zuba tafasasshe a kofin silba. Inna ta zauna a tabarma ta yi addu'o'inta a kai, ta yi tofi, ta ce a kai masa. Hajara ta kawo tana kallona. Na ce ai ruwan an tafasa. Na sha. Aka yi kwanaki a haka.

Wata safiya Hajara ta raka yara makaranta. Na ji sallama a bakin labule, muryar Inna. Ta shigo da kofin a hannunta. Tun da na yi aure ba ta taɓa taka ɗakina ba. Ta zauna a ƙasa kusa da gado, fuskarta na kallon bango. Ta yi addu'a, ta yi tofi, ta miƙo ba tare da ta juyo ba. Na sha. Sai ta ɗora hannunta a kaina.

Shekaruna sun kusa hamsin. Ranar na fara sanin nauyin hannun uwata.

Daga nan kullum bayan sallar asuba tana shigowa, ba ta fita sai rana ta ɗaga. Tana jan carbi, tana yi wa bango hira. Yadda gero ya yi bana. Akuyar da ta haifi uku. Yadda ubanmu ya zo neman aurenta a kan keken aro. Wata rana ta ce, "Wancan da yana jariri ba ya kuka. Sai na dinga tashi ina taɓa shi in ji ko yana numfashi." Ban motsa ba, don kada ta tuna ina ji ta yi shiru. In tari ya taso mata sai ta sa bakin mayafi ta tare. Taga a rufe da leda, labule a sauke.

Hajara ta same ni. Ta ce, "Malam, tarin Inna bai yi mini ba."

Na ce, "Hayaki ne."

"Likita ba ta ce ban da na hayaki ba. Cewa ta yi mai tari, ko waye."

"To je ki faɗa mata."

"Ni? In ce wa surukata ta fita daga ɗakin ɗanta? A wane gari zan kwana?"

"Ni kuma in ce wa uwata?"

Hajara ta ce a rubuta cewa ba sau ɗaya ta faɗa ba. A rubuta, gaskiya ne.

Ta yi dabara, ta kai wa Inna takunkumi ta ce dokar likita ce ga duk mai shiga ɗakin. Inna ta juya shi gaba da baya. Ta ce, "Da baki a rufe ake tofi?" Ta ajiye a cinya. Daga baya na ga ta ƙulle goro a ciki.

Yohanna ma ya yi magana. Ya ce, "Idi, atishawa ɗaya na yi ka kore ni daga zaurenka. Tarin Mama kuwa har shagona nake ji."

Na ce, "Ka taɓa korar uwarka?"

Ya ce, "Ta mutu ina ƙarami."

"To yi shiru."

Da yamma ya shigo ya durƙusa ya gaishe da Inna, ya ce yana da sani a asibiti, bari ya kai ta a duba mata ciwon gwiwa. So yake in an je a duba ƙirjin. Ta ce, "Ɗan nan, asibiti ya sa wa 'ya'yana biyu wuƙa rana ɗaya. Ni ba zai gan ni ba."

Ni na san abin da likita ta ce, ban manta ba. Kowace safiya ina cewa gobe zan fito tsakar gida in zauna, ko in ce a cire ledar. Amma na san Inna. A gaban jikoki da suruka ba za ta ɗora mini hannu ba, ba za ta yi hirar nan ba. Sai ɗaki a rufe. Na hana dattijo hannuna, na bar gawar abokina, na kori mai nono. Wannan ɗaya ne na kasa. Aka yi wata biyu da ɗoriya a haka.

Zazzaɓi ya fara zuwa mini da yamma. In kwanta in tashi rigata jiƙe da gumi. Aka ce na cizon sauro ne, na sha magani, ya lafa, ya dawo. Aka sake ba ni wani. A asibitin nan garin mutane sun yi yawa, likita na duba takardar jini yana kiran na gaba. Ba wanda ya tambaye ni ko akwai mai tari a gida, ni ma ban ɗauko zancen ba. Mako na bin mako, wando ya fara zamewa daga ƙuguna. Sai tari. Ranar da na yi shi a gaban Inna, ta daina jan carbi, ta daɗe ba ta ci gaba ba.

Aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kakina. Tarin fuka. Aka ce duk mutanen gida su zo gwaji. Inna ta ƙi, sai da Haruna ya zo daga Zungur ya ce in ba ta je ba ma'aikata za su zo har gida a gaban maƙwabta. Hajara da yara ba su da shi. Inna tana da shi, kuma aka ce ya daɗe.

Na koma Kano. Likita ta sa na ba ta labarin zaman gidan daki-daki. Da na zo kan tagar ta ajiye biro.

Ta ce, "Wa ya ce ku rufe taga?"

Na ce, "Likita, tofin ne?"

Ta ce, "Ba ruwan ba ne, wannan cutar ba a shan ta. Iskar ɗakin ce. Kuma ba zan rantse maka daga wajenta ka ɗauka ba. Wani yana da tarin kwance a jiki tun da, sai masu gadi sun yi barci ya tashi. Amma da an gwada ta ranar da ta zo, ko da a tsakar gida kuke zama..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗauki bironta.

Maganin tarin kyauta ake bayarwa, wannan na yaba. Abin da ban sani ba, yana faɗa da maganin ƙoda. Yana cinye shi a cikin jini. Dole aka ninka mini na ƙodar, aka sake ninkawa, shi kuwa ba kyauta ba ne. Injin da ya rage ya tafi. Hajara ta sayar da gadonta da kwanukanta. Akwai gwajin da ake yi a ga ko maganin ya isa a jini. Ba a yin sa a kusa, sai an aika da jinin wani gari, kafin sakamako ya dawo jikin ya riga ya canza. Haka muka yi ta bin abin a baya.

Fitsarina ya koma ja-ja, aka ce maganin tari ne, kada in tsorata. Sai ya fara raguwa. Wurin da aka sa ƙodar, nan ƙasan ciki ta dama, ya fara ciwo in na taɓa. Safa ta fara barin shaida a ƙafata. Akwai kalmar da suke faɗa, kiratinin, dattin da ke taruwa a jini in ƙoda ba ta aiki. Ita kaɗai na haddace a asibiti. Kowane zuwa sai a ce ta hau.

Aka kwantar da ni a Kano, aka yi ta ƙarin ruwa da allurai. Wata safiya likita ta zo ta tsaya a ƙarshen gadon. Ta ce masu gadi sun farka, sun kama ƙodar. In ana so a ƙwace ta sai an ba su maganin barci mai ƙarfi sosai, in kuwa aka yi haka tarin zai cinye ni.

Ta ce, "Ko ƙodar, ko kai."

Na ce, "Ƙodar ba tawa ba ce."

Ta ce, "Na sani. Amma in ka mutu tare za a binne ku."

Ni aka zaɓa. Ban ce an yi kuskure ba. Matar nan ta yi iyakar ƙoƙarinta, har kuɗin mota ta taɓa ba mu daga jakarta. Allah ya saka mata.

Da na dawo Bauchi Haruna ya zo, ƙafarsa duk ƙasar gona. Na ce ya zauna.

Na ce, "Ta mutu."

Ya ce, "Wa?"

"Ƙodarka."

Ya kai hannu gefen cikinsa inda tabon yake, ya bar shi a nan. Na jira ya zage ni. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Can ya ce, "Yaya, da ma uku gare ni." Sai ya share fuska da hula ya ce, "Ita fa Inna ta sani. Matar kawu ta faɗa a gidan suna, a gabanta, wai tofinta ne ya kashe."

Inna dama ta koma Zungur tun ina kwance a Kano. Ba ta yi sallama da kowa ba. A can ta ƙarasa shan maganinta, Haruna yana tsaye a kanta har ta gama. An sake gwada ta, ta warke. Ni ma tarin ya warke.

Yanzu na koma bencin da na baro. Fuskokin sababbi ne, ma'aikatan ne kawai na sani. Yohanna ke kai ni a babur. Wani makon a wanke ni yadda aka ce, wani makon sau ɗaya, wani makon in zauna a gida ina jin ruwa yana hawa ƙirjina. Ruwan sha ma aunawa ake yi, ɗan kaɗan a yini. Babu gona, babu inji, babu wani ƙane. Zancen sake dashe ko likita ba ta ɗauko ba. Ina musabaha da kowa yanzu, ina sa hannu a tire ɗaya da 'yan layi. Babu abin da nake karewa.

Ga abin da ya sa na ce a rubuta. Kai da aka yi wa dashe, baƙo ba shi ne abin tsoro ba, baƙo kana iya hana shi hannu. Wanda ba ka iya ce wa fita, shi ne. Duk wanda zai zauna jinyarka, in yana tari a kai shi gwaji kafin ya ajiye jakarsa, ko uwarka ce. In bakinka ba zai iya ba, ka kai ta gaban likita, likita ta faɗa, ita ba ta jin kunyar kowa. Kada ka rufe taga. Ku zauna a inda iska ke wucewa. Addu'a ba ta buƙatar ɗaki a rufe, mu ne muke buƙata.

Kwanan baya na samu ƙarfi bayan wanki, na ce Yohanna ya sa ni a motar Zungur. Na tafi da kofin silbar nan a aljihu. Na tarar da Inna a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa, Haruna yana gyaran fartanya a gefe. Ta yi ƙiba kaɗan, tarin babu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa bango.

Na zuba ruwan da aka auna mini na yinin a kofin, na ajiye a gabanta. Na ce, "Inna, a yi mini tofi."

Ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ta ce wa Haruna, "Ce wa wancan na daina."

Na ce, "Inna, likita ta ce ba ruwan ba ne. Iska ce."

"Tambaye shi, iskar daga bakin wa ta fito?"

Haruna ya ce, "Inna, ai kin warke. An gwada."

Ta ce, "Shi fa?"

Ta tashi ta ja tabarmarta daga inuwa, ta kai ta can bakin danga cikin rana, inda iska ke tafiya ba ta biyo ta kaina ba. Ta zauna ta ba ni baya. Ina ganin mayafin yana motsi a wajen bakinta. Ko addu'a take yi, ko da kanta take magana, ban ji ba.

Na zauna har la'asar. Ruwan yana nan inda na ajiye, ƙuda ya faɗa ciki. Haruna ya zubar a gindin darbejiya, ya ɗauraye kofin ya miƙo mini, ya raka ni bakin hanya.

Kofin yana kan tagar ɗakina. Mun cire ledar, ramukan ƙusa ne kawai suka rage. Allah ya ba Haruna lafiyar wadda ta rage masa. Allah ya sa Inna ta riga jin labarin wani abu mai daɗi kafin ta ji nawa.

Hajara, ajiye biron. Gobe akwai layi.